Wai Maganar Mai Ɗaukar Waya Iska Ce?

Mai karatu, akwai wata magana da ta cika mini kunne, wadda masu goyon bayan "harbe ɓarawo kawai" suke ji da ita. Wai idan mutum ya kira layin gaggawa, mai ɗaukar waya ya ce masa ya dakata, shi kuwa ya fita ya yi harbi, to bai karya doka ba, domin mai ɗaukar waya ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Na yarda ba umarni ba ne. Amma a ce maganar ba ta da nauyi a gaban shari'a, wannan kam rainin wayo ne.

Daga Amurka suka kwaso hujjarsu. A watan Nuwamba 2007, a garin Pasadena na jihar Texas, wani dattijo mai suna Joe Horn ya hango mutum biyu sun fasa gidan maƙwabcinsa. Ya kira 911. Mai ɗaukar waya ya yi ta lallashinsa ya zauna a gida, ya ce masa babu dukiyar da ta kai a harbi mutum a kanta. Horn ya faɗa da bakinsa cewa zai kashe su, ya fita, ya kashe su. A 2008 aka ƙi gurfanar da shi. Sai kuma George Zimmerman, wanda a Fabrairu 2012 ya bi sawun Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17, a Sanford ta jihar Florida, aka ce masa ta waya ba a bukatar ya bi shi. Yaron ya mutu da harsashi a ƙirji, kotu ta wanke Zimmerman a 2013.

To, sai me? An wanke su bisa dokokin jihohinsu, ba bisa tamu ba. Kuma ko a can, sai da aka kunna muryar Zimmerman a kotu, aka kira mai ɗaukar wayar ya ba da shaida. Abin da ba shi da amfani ba a ɓata masa wannan lokacin.

A nan Arewa kuwa, Final Kod ta ba mutum haƙƙin kare ransa da dukiyarsa, amma da linzami: kada ɓarnar ta wuce abin da kariyar ke bukata, kuma babu wannan haƙƙi matuƙar akwai sararin neman agajin hukuma. Ashe kuwa kiran waya shi ne shaida ta farko. Mutumin da ke cikin ɗakinsa a kulle, ya lalubo lamba, ya yi bayani, aka ce ya jira, sannan ya ɗura wa bindigar toka albarushi ya bi ɓarawon da ke gudu, wane alƙali ne zai ce tsoro ne ya tura shi? Farauta ya fita.

Sai dai fa ba a nan kaɗai fushina yake ba. Ka ɗauki makiyayi a gefen dajin Ɗansoshiya a Kiru, ko manomi a bakin Falgore ta wajen Doguwa da Tudun Wada, dajin da ɓarayin shanu suka mayar maɓoya a wajajen 2015. Ya samu sabis da ƙyar, ya kira 112 ko lambar DPO, aka ce "ga mu nan zuwa." Aka yi asuba, aka yi hantsi, babu ko ƙurar mota. Shi ma wannan kiran shaida ne, amma a kan hukuma: ya nemi agaji, agaji bai zo ba, sharaɗin "akwai sarari" ya faɗi ke nan.

Shi ya sa nake mamakin yadda lauyoyinmu ba sa tayar da jijiyar wuya a kan wannan. Kiran da aka yi wa wayar aljihun wani jami'i, ko ta shugaban 'yan banga, babu mai naɗar sa. Gobe a kotu kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kamata ya yi kowane caji ofis daga Bebeji har Doguwa ya riƙa rubuta ƙarfe nawa aka kira, me aka ce wa mai kiran, ƙarfe nawa mota ta isa, kuma a wajabta kawo littafin nan gaban alƙali duk ranar da aka yi harbi.