Kafin Birtaniya ta ba likita izinin taimaka wa majinyaci ya mutu

A ranar 20 ga watan Yunin 2025, majalisar wakilan Birtaniya ta amince da ƙudirin dokar da zai ba likitoci a Ingila da Wales damar taimaka wa wanda ke fama da ciwon ajali ya kawo ƙarshen rayuwarsa. Ƙuri'u 314 ne suka goyi baya, 291 suka ƙi. Shekara goma kafin nan, a 2015, majalisar ta yi watsi da makamancinsa da ƙuri'u 330 a kan 118. Wannan sauyi kaɗai ya isa a tsaya a duba.

'Yar majalisa Kim Leadbeater ta jam'iyyar Labour ce ta gabatar da ƙudirin. Ya tanadi cewa mai neman hakan ya kasance ya kai shekara 18, yana cikin hayyacinsa, kuma likitoci biyu sun tabbatar da cewa bai fi wata shida ya rage masa ba. Shi da kansa zai sha maganin, ba likita zai ba shi ba. Dokar 1961 da ake aiki da ita ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga duk wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa.

Masu goyon baya suna da hujjar da ba za a raina ba. Akwai 'yan Birtaniya da ke kashe maƙudan kuɗi su tafi Suwizalan, wurin ƙungiyar Dignitas, su mutu nesa da iyalansu, waɗanda suka raka su kuma su dawo gida cikin fargabar 'yan sanda. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a kwanakinsa na ƙarshe ya san irin azabar da ake magana a kai.

Amma duk maganar ta dogara ne a kan kalma ɗaya: zaɓi. Kuma a nan ne muke ganin ƙudirin ya yi gaggawa. Zaɓi yana da ma'ana ne idan majinyaci yana da wata hanyar da za ta sauƙaƙa masa raɗaɗi. A Birtaniya, cibiyoyin kula da masu ciwon ajali suna samun kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kuɗinsu daga gwamnati, sauran sai daga gudummawar jama'a da shagunan sayar da kayan gwanjo. Ministan lafiya na wancan lokacin, Wes Streeting, wanda ya ƙi ƙudirin, ya kafa hujja da wannan gurbin. Tsohon da bai samu gado ko ma'aikaciyar jinyar da za ta zo gida ba, idan aka ce masa ga magani nan a shirye, shin zaɓi aka ba shi ko tura shi aka yi?

A jihar Oregon ta Amurka, inda irin wannan doka ke aiki tun 1997, rahotannin hukuma na nuna cewa kusan huɗu zuwa biyar cikin kowane goma na waɗanda suka bi wannan hanya sun ambaci tsoron zama nauyi a kan iyalansu. Babu likitan da ke da na'urar auna irin wannan matsin, domin sau da yawa ba a faɗarsa, a fuska ake gani.

Sai kuma Kanada. Ta halatta abin a 2016 ga waɗanda mutuwarsu ta kusa. A 2021 aka cire wannan sharaɗi. A 2023 mutum fiye da 15,000 ne suka mutu ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa 20 a ƙasar, kuma an tsayar da Maris na 2027 don shigar da masu taɓin hankali kaɗai. Masu kare ƙudirin Birtaniya sun ce nasu ya fi tsauri, kuma gaskiya ne. Sai dai tun kafin ya bar majalisar wakilai aka cire alƙalin babbar kotu da aka yi alkawarin zai duba kowace buƙata, aka maye gurbinsa da kwamitin lauya da likitan ƙwaƙwalwa da jami'in walwalar jama'a. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar kuwa ta ce ba za ta iya goyon bayan ƙudirin yadda yake ba.

Lamarin ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Dubban likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Najeriya suna aiki a asibitocin NHS, yawancinsu Musulmi da Kiristoci ne da addininsu ya haramta wannan aiki. Ƙudirin ya ce ba za a tilasta wa likita shiga ciki ba, amma bai ba cibiyar jinya ita kanta ikon cewa ba za a yi a harabarta ba.

Ra'ayinmu shi ne kada a kafa wannan doka kafin gwamnati ta ɗauki nauyin kula da masu ciwon ajali gaba ɗaya, kuma a mayar da alƙalin da aka cire.