A Bar 'Ya'yan Fatake Su Zurfafa Ilmin Tattalin Arziki

Duk wanda ya san zaman Sabon Badun, ko Shagamu, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ya san wata al'ada da ta zama ruwan dare. Da zarar yaro ya iya ƙidayar kuɗi da rubuta sunayen masu bashi, sai uban ya ce karatu ya isa haka, a zo a tsare rumfa. Wannan hasara ce babba, balle ga yaran da suka soma ilmin tattalin arziki a babbar sakandare, aka datse su tun ba su kai ga zurfinsa ba.

Alhali kuwa babu ɗalibin da wannan fanni ya dace da shi kamar ɗan da ya tashi a kasuwa. Abin da malami yake zanawa a allo game da yawan kaya da yawan masu bukata, yaron kasuwar Mile 12 ya riga ya gani da idonsa: tumatir yakan karye in kayan rani suka sauko daga Arewa, ya yi tsada in damina ta kankama. Abin da rumfa ba za ta koya masa ba shi ne dalilan da suke can bayan kasuwa, wato darajar naira, da kuɗin ruwa na banki, da haraji, da kasafin kuɗin gwamnati.

Rashin wannan sani ya sha karya attajirai. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A lokutan nan biyu, falke da yawa ya sayar da kayansa yana murnar riba, da ya koma sari sai ya tarar uwar kuɗi da ribar duka ba su sayen abin da ya sayar. Wannan shi ne hauhawar farashi, kuma yana cikin darussan da ake koya wa ɗan sakandare.

Hanyar zurfafawa a buɗe take. A da akan yi shekara 2 ta HSC bayan aji biyar, kafin tsarin 6-3-3-4 ya kawar da ita a shekarun 1980. Yanzu akwai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita, da kuma JUPEB. Wanda ya ci ɗayansu da kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Sai dai akwai sharaɗi guda da ya kamata iyaye su sani tun da wuri. Jami'o'i ba su ɗaukar ɗalibi a wannan fanni sai ya ci lissafi da Turanci da kyau a jarrabawar fita sakandare. Yaron da aka bari yana gudun ajin lissafi ya rufe wa kansa ƙofa tun bai iso bakinta ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ya wajaba sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan goro, da na mahauta, da na 'yan gwari, su tashi tsaye. Asusun da ake tarawa don biki da jana'iza, a ware wani abu daga cikinsa don kuɗin jarrabawa da ladan malamin lissafi, maza da mata kuma duka a ba su dama. Ana yanke shawarar darajar kuɗin da ke aljihun falke a Babban Bankin Nijeriya da Ma'aikatar Kuɗi ne, kuma masu wannan ilmi ne suke zaune a kujerun. Uban da ya haƙura da hidimar ɗansa a rumfa na 'yan shekaru, shi ne zai sami mai karanta masa kasuwa kafin ta juya.