Garin neman gira: ga masu son rushe bugunsu na golf su sake gini

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a ramin farko ina kallon wani abokina a kan ƙwallo, ya yi tsaye kamar ɗan makarantar da aka tada tilawa karatu ya ɓace masa. Ya ɗaga sanda, ya dakata, ya dubi gwiwar hannunsa, ya sauke, ya sake ɗagawa. Da ya buga, ƙwallon bai yi mita talatin ba ya shige ƙaya. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana wasa. Bara warhaka yana gama ramuka 18 da bugu 91 ko 93, in ranar ta zo da sa'a 88. A golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani, kuma wannan lissafi ba abin kunya ba ne ga mai aiki da iyali. Yau wata tara ke nan da ya yanke shawarar rushe salon bugunsa ya sake gina shi daga tushe, tun daga riƙon sanda, tsayuwa, juyin kafaɗa har zuwa inda hannu ke ƙarewa. Tun ranar bai ƙara sauka ƙasa da 100 ba.

Na san akwai mai cewa wasan masu kuɗi ne, ina ruwanmu. To, filin da muke zuwa a wajen Yamai yashi ne da ƙaya, kowa na yawo da guntuwar tabarmar ciyawar roba yana ɗora ƙwallo a kai. Amma ko da wasan attajirai ne, cutar da ta kama abokina ba ta tambayar aljihu, kuma ita nake son mu tattauna.

Ra'ayina a taƙaice: ga wanda ke golf don nishaɗi, wanda ya kai shekara arba'in ko hamsin, mai fita fili sau ɗaya ko biyu a sati, rushe bugu gaba ɗaya wauta ce da aka yi wa ado da sunan himma. Masu tallata ta kuwa sun san ba za ta yi aiki ga mafi yawan masu sayenta ba.

Labari biyu ake kafa hujja da su kullum. Na farko na Nick Faldo ne, ɗan Ingila. A 1983 shi ne na ɗaya a gasannin Turai, amma ya ga bugunsa na watsewa duk sa'ad da babbar gasa ta zo ƙarshe. A 1985 ya miƙa kansa ga mai horarwa David Leadbetter, suka wargaza komai. Shekara biyu bai ci kofi ba, ana ta yi masa dariya. A 1987 ya lashe gasar Open a Muirfield, daga baya ya tara manyan kofuna shida. Na biyu na Tiger Woods ne. Ya ci gasar Masters ta 1997 da ratar bugu 12, sannan ya koma wurin Butch Harmon ya ce a gyara. A 1998 kofi ɗaya tak ya ɗauka a gasannin Amurka, a 1999 ya ɗauki takwas, a 2000 ya ci US Open da ratar bugu 15.

Duk gaskiya ne. Sai dai a duba su waye waɗannan mutane. Faldo bai kai shekara talatin ba lokacin, Tiger na da 21. Ba su da wata sana'a sai wannan. Malaminsu na tsaye a bayansu yana kallon kowane bugu. An sha ba da labarin cewa Faldo kan buga ƙwallo har 1,500 a yini guda a wancan lokaci. Abokina kuwa, in ya yi ƙoƙari, yakan buga hamsin ranar Laraba da yamma, hamsin ranar Asabar kafin rana ta yi zafi. Ɗari a sati. Abin da Faldo ke yi tsakanin safe da magariba, shi sai ya yi sati 15, kusan wata huɗu, kafin ya kai. Kuma Faldo shekara biyu ya yi a haka. Ku yi lissafin da kanku, ni na yi na bari don kada in karya masa zuciya.

A nan matsalar take, kuma ba ta rashin niyya ba ce. Bugun golf ba ya kai sakan biyu daga farko zuwa ƙarshe. Ba tunani ke tafiyar da shi ba, sabo ne. Jikin da ya shekara goma sha ɗaya yana juyawa ta hanya guda ba ya mantawa don an nuna masa bidiyo. A wurin atisaye, inda ba kowa, sabon salon yakan fito sau biyu cikin biyar, mutum ya yi murna. Da an hau fili, ga abokai na kallo, ga ƙaya a dama, sai tsohon sabo ya taso ya yi karo da sabon. Abin da ke fita ba tsohon ba ne, ba sabon ba ne. Wanda ya rushe ɗakin laka ana gobe damina, ba shi da kuɗin siminti, ya san inda zai kwana. Magina na gargajiya ba haka suke ba: kowace shekara yaɓe ake yi, a toshe inda ya tsage, a gyara indararo, ɗaki ya shekara hamsin.

Sannan me ya sa ba a ba mu ɗaya rabin labarin? Ian Baker-Finch, ɗan Ostireliya, ya ci gasar Open a 1991. Bayan nan ya shiga taɓa bugunsa yana neman ƙarin nisa. Wasan ya kuɓuce masa. A 1997, a wannan gasa da ya taɓa ɗaukar kofinta, ya yi bugu 92 a rana ta farko a Troon, ya janye, ya koma sharhi a talabijin. Martin Kaymer na Jamus ya zama na ɗaya a duniya a watan Fabrairu na 2011. Ƙwallonsa kan lanƙwasa dama kaɗan, ya so ya koyi lanƙwasa shi hagu saboda filin Augusta. Ya zame har ya fice daga cikin hamsin na farko. Shi dai ya farfaɗo ya ci US Open a 2014, amma ya biya da shekaru uku na tsakiyar ƙarfinsa. Waɗannan gwanaye ne na duniya, da malamai da likitoci da lokaci. In tulu ya fashe a hannun mai ginin tukwane, ina ga ni da kai?

Kuma wa ya ce kyawun bugu shi ne cin wasa? Jim Furyk yana da salon da in ka gani za ka ce mutum ne ke korar zuma daga kansa. Mahaifinsa ne malaminsa, kuma bai daidaita masa shi ya yi kama da na littafi ba. Ya ci US Open a 2003, a 2016 kuma ya gama ramuka 18 da bugu 58, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan a gasannin PGA na Amurka. Bubba Watson ya ci Masters sau biyu, 2012 da 2014, ba tare da ya taɓa zama gaban mai horarwa ba. Ko a nan gida, cikin samarin da ke ɗaukar mana jakar sanduna akwai wanda ya koyi wasan da tsohuwar sanda guda, tsayuwarsa a karkace, amma in aka ba shi dama sai ya lallasa mu duka.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙwallo ba ya ganin kafaɗarka. Haɗuwarsa da sanda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma a wannan ɗan lokaci abu kaɗan ne ke yanke hukunci: inda fuskar sanda ke kallo, hanyar da sandar ta biyo, wurin da ƙwallon ya taɓa a fuskar, da saurinta. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan sun nuna cewa fuskar sanda ce ta fi ƙayyade inda ƙwallo zai fara nufa, bambancin da ke tsakanin fuskar da hanyar kuma shi ke lanƙwasa shi. Ciwon abokina tun asali guda ne: ƙwallonsa na karkata dama in ya ɗauki babbar sanda, wato fuskar a buɗe take isowa. Maganin farko da duk malamin kirki zai gwada shi ne ya ɗan juya hannuwansa dama a kan mariƙin sanda. Aikin sati huɗu ko shida ne. Maimakon haka aka ce masa ƙugunsa, gwiwarsa, wuyan hannunsa, duk sai an sake.

Wa ya ce masa? Salula. Wani malami a YouTube da bai taɓa ganinsa ba, yana tsaye a kan ciyawa shar a Amurka, ya jera hoton gwani da na ɗan koyo gefe da gefe, ya zana layuka ja da kore. Ba na zargin kowa da zamba, amma a dubi yadda kasuwar take. Wanda ya ce maka “juya hannunka kaɗan ka je ka yi wasa” ya sayar da darasi ɗaya. Wanda ya ce “tushenka ne ya ruɓe” ya samu mai saye na shekara biyu, kuma in abin ya ƙi yana da amsa a aljihu: ai dama sai ya ɓaci kafin ya gyaru. Wace sana'a ce kuma ake karɓar wannan magana? Ka kai mota gareji, bayan wata tara bakanike ya ce maka rashin tashinta alamar ci gaba ce?

Akwai wasu dattawan fili da ke goyon bayana da hujjar da ban yarda da ita ba. Su cewa suke a bar dogon bugu, a koyi gangara ƙwallo cikin rami kawai, wai can ake cin wasa. Mark Broadie na jami'ar Columbia ya tara lissafin bugu masu ɗimbin yawa, ya fitar da littafi a 2014, ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na ratar da ke tsakanin gwani da na ƙasa da shi daga dogon bugu take fitowa, na nesa da yadi 100. Ashe dogon bugu na da muhimmanci ƙwarai. Don haka ma nake cewa kada a yi wasa da shi. A nemo bugun nan uku ko huɗu da ke jefa mutum cikin ƙaya a kowane zagaye, a gano abu ɗaya da ke haddasa su, a kashe shi, sannan a nemi na gaba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ban ce babu wanda ya kamata ya sake gini ba. Wanda salonsa ke sa masa ciwon baya ko na gwiwar hannu, dole ya canza, lafiya ta fi lissafi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, ko babban da bai fi wata shida da farawa ba, ba abin da zai rasa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma ya ce shi gwajin ne ke ba shi daɗi, ko da zai mutu bai sauka ƙasa da 100 ba, Allah ya ba da sa'a, kuɗinsa ne. Abokina ba ya cikin ko ɗaya. Lafiyarsa lau, kuma da can yana dawowa daga fili da fara'a. Yanzu a mota shiru yake yi har gida, sau biyu ma ya ce zai sayar da sandunan.

A rami na 14 ranar Asabar ɗin, ya riga ya daina rubuta lissafi. Saurayin da ke ɗauke da jakarsa ya miƙa masa sanda ya ce, “Alhaji, don Allah wannan karon ku buga irin na da.” Ya harare shi, ya karɓa, ya buga ba tare da ya dubi gwiwar hannu ba. Ƙwallon ya tashi, ya ɗan karkata dama kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya, ya sauka a tsakiyar fili. Na zaci zai yi dariya. Sai ya juyo ya ce mani kafaɗarsa ta buɗe da wuri, ya zaro salula ya ce in ɗauke shi bidiyo a rami na gaba.