Maƙoƙo Ba Sammu Ba Ne

'Yan'uwa manoma, sau da yawa idan wuyan mace ya kumbura sai a ce jifa ce, a kai ta wurin wanzami a yi mata sakiya. Wannan kuskure ne babba, har yakan jawo asarar rai.

Ga yadda abin yake. A gaban wuya, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod. Aikinsa shi ne haɗa sinadarin da ke ba jiki kuzari, kuma ba ya iya wannan aiki sai da aidin. In aidin ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa takan aiko masa da saƙo ya ƙara himma, ƙwayoyinsa kuma su riƙa fitar da sinadaran da ke sa su yaɗu. A hankali naman ya girma, ya zama maƙoƙo. Yawancinsa ba ciwon daji ba ne, amma likita kaɗai ke iya tantancewa.

Abin tsoro ma ba kumburin ba ne. Mai ciki da ta rasa aidin tana iya haifar yaro mai raunin ƙwaƙwalwa, wanda karatu zai gagara.

Tun 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Amma gishirin da ake shanyawa a rana ana aunawa da gwangwani, aidin ɗinsa yakan tsere. Rogon da bai jiƙu sosai ba kuma yana hana jiki amfana da ɗan abin da ya samu.

Shawarata ita ce, in mun zo sayen taki a Kasuwar Sabon Gari, kowace ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi gishiri mai aidin a ƙulle cikin leda, a raba wa gidaje. Wani zai ce na awo ya fi sauƙi. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. A ajiye shi a rufe, nesa da murhu. Kada a ƙara yawan gishiri a miya, gama yana kawo hawan jini. Ɗan kaɗan ya isa.

Wanda wuyansa ya riga ya kumbura, ba lallai ne gishiri ya warkar da shi ba. A kai shi Asibitin Murtala ko na Aminu Kano tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya.