Sakacin Mutum Ɗaya, Asarar Jama'a

'Yan'uwa malamai, akwai maganar da ya kamata mu binne: "Me na mallaka da za a sata a WhatsApp?" Ka mallaki suna, shi kuwa ɓarawon yake farauta. Zai kira ka da sunan taron ƙungiya, ya nemi lambobi 6 da suka shigo wayarka. Kana karanta masa, ya gaje asusunka. Daga nan sai ya bi zaurukan malaman Haɗejiya, Auyo da Kafin Hausa yana roƙon rance da bakinka, ko tallafin waɗanda ambaliya ta cinye wa gonaki. Abokan aiki su tura, domin da kai suka yarda.

Kada mu laƙaba wa ƙaddara. Tun 2017 WhatsApp ya samar da tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. Mu da muke kulle takardun jarrabawa da kwaɗo, ina hujjarmu ta barin wannan ƙofa a buɗe?

Kowa ya saita tasa yau. Kada a ba kowa lamba, ko da shugaban reshe ne. Wanda aka roƙa kuɗi, ya kira ya ji murya tukuna.