Takardar Likita Ba Ta Warkar da Kowa

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa asibitin gwamnati daga Yakasai ko Mandawari ya san yadda abin yake ƙarewa. A yi sammako, a yanki kati, a bi layi har azahar, likita ya rubuta magunguna huɗu, a taga a ba da ɗaya, a ce sauran babu, a je kyamis. Daga nan sai tsohuwa ta ƙulle takardar a bakin zanenta ta koma gida. Mai hawan jini sai ya sayi na kwana biyar maimakon na wata, mai ciwon suga ya riƙa raba ƙwaya biyu. Mu da muka fito daga waɗannan lunguna ba labari aka ba mu ba.

Masu mulki za su ce ai akwai taimako. Lalle akwai, a takarda. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka a 1999, ya fara aiki a 2005. Ma'aikacin da ke ciki kashi 10 cikin ɗari kurum yake biya na kuɗin magani, shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu! Wanda ya tsara wannan bai taɓa shiga zauren wani gida a cikin ganuwa ba, inda tukunya guda take ciyar da kaka da jikoki da 'yan riƙo. Amma babban aibin ba nan yake ba. An ɗaure taimakon ne a jikin albashi, alhali marinin Ƙofar Mata da baduku da ɗan kolin Kasuwar Kurmi da mai dakau a cikin kulle ba su da albashin da za a yanka. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, ita ma da ma'aikata ta fara. Watau wanda ya fi samu shi aka fara tallafa wa.

Wannan ba kuskure ba ne, hanya ce da aka zaɓa. Tun da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, aka kuma amince da tsarin Bamako a 1987, sai aka mai da majinyaci mai saye: ya biya, a juya kuɗinsa a sayo wani maganin. Asusu mai juyawa, in ji su. Yana juyawa kam, amma a kan wuyan talaka. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. Dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kashi 20 cikin ɗari na asusun na magunguna da rigakafi ne, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Shekara huɗu doka tana barci a cikin fayil.

Da aka saki Naira a 2023, kamfanin GSK kuma ya sanar da tattara komatsansa a shekarar, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A 2024 Shugaba Tinubu ya janye haraji a kan kayan haɗa magunguna. Madalla. To amma sauƙin a masana'anta aka ajiye shi, aka bar wa 'yan kasuwa amanar isar da shi ga majinyaci, kamar a ba kura ajiyar nama.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, mu ma da namu laifin. Muna da inshorarmu ta makaranta, gobe a ba mu katin ofis, sai mu yi gum. Mu ne za mu zauna a kan teburan da fayil yake kwana.

Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Nijeriya, ta kuma kafa asusun masu rauni. Muna kira da a zuba masa kuɗi a fili, a bayyana nawa aka saki da ranar da aka saki. A yi rajistar mabuƙata unguwa-unguwa ta hannun masu unguwanni da limamai, waɗanda suka san gidan da ba a hura wuta ba, ba ta hannun 'yan siyasar mazaɓa ba. Maganin hawan jini da na suga da na sikila da na farfaɗiya su zama kyauta ga duk wanda likitan gwamnati ya rubuta wa. A kuma kafa allo a ƙofar kowace tagar magani, da boko da ajami, ɗauke da sunayen magungunan kyauta da adadin da ya rage a sito, domin idan aka ce wa tsohuwa babu, jikanta ya iya karanta mata ko gaskiya ne.