Kifin Jikin Bango Da Kifin Cikin Kogi

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu wata kunya da na sha lokacin koyarwar gwaji, da kuma ra'ayin da ta haifar mini. Na sani akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba. To, ga fili ga mai doki, sai su ba ni amsa a fitowa ta gaba.

An tura ni wata makarantar firamare a Maitumbi, aka ba ni aji biyar. A bangon ajin akwai wani babban hoton kifayen teku, ya tsufa har gefensa ya fara naɗewa, ba kuwa wanda ya san mai kawo shi. A tsakiyarsa ga wani kifi kore da shuɗi da ruwan hoda, sai ka ce amarya ta sha kwalliya, wanda Turawa ke kira kifi mai bakin aku. Da na ga darasin makon a kan halittun ruwa ya ke, sai na ce a raina na sami abin da zan burge mai duba ni. Na kwana uku ina tonon littattafai a kansa.

Ba zan ɓoye muku ba, kifin nan abin mamaki ne. Danginsa sun kai wajen iri 90, suna zaune cikin ruwan teku mai ɗumi inda duwatsun murjani su ke, watau Tekun Indiya, da Tekun Pasifik, da Bahar Maliya, da tsibiran Karebiyan. Akwai ma iri guda a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, tun daga Muritaniya har Kwango. Haƙoransa sun haɗe sun zama baki mai tauri kamar na aku, da shi ya ke kankarar gansakuka daga jikin dutsen murjani. Yana kankara yana haɗawa da ɓarɓashin dutsen, sai waɗansu haƙora da ke cikin maƙogwaronsa su niƙe shi kamar dutsen niƙa, sa'an nan ya fitar da shi farin rairayi. Ashe farin yashin da Turawa ke biyan kuɗi su je su kwanta a kai a waɗansu tsibirai, da yawansa kashin kifi ne! Har ila yau da yawa cikinsu kan fara rayuwa suna mata, in sun girma su rikiɗe su zama maza, launinsu ma ya sake. Da dare kuma waɗansu kan fitar da yauƙi su lulluɓe jikinsu da shi kamar gidan sauro, su kwana ciki, don ya kare su daga ƙananan ƙwari masu shan jini.

Duk na zuba wa yara wannan, suka yi ta dariyar zancen yashi. Ina cikin jin daɗi sai wani yaro daga bayan aji, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tsakanin wannan da talibambam wa ya fi ƙarfin baki?" Na yi tsuru-tsuru. Ban san mene ne talibambam ba. Na ce masa mu bari sai gobe, amma yaran ba wawaye ba ne, rabin ajin sun gane Malam ne bai sani ba.

Ni ɗan makarantar mishan ne tun daga aji ɗaya, ba na kuwa raina abin da suka yi mini. Su suka koya mini karatu da tsabta da kiyaye lokaci. Amma a can in ka yi yaren gida cikin aji sai an ci ka tara, saboda haka na fito da sunayen kifayen Ingila a kaina, waɗanda har gobe ban taɓa sa su a ido ba, alhali kifin da uwata ke sa mana a miya sunansa guda ne wurina, kifi.

Da aka tashi na bi yaron gida. Ubansa Basarke ne, yana sayo bandar kifi daga wajen Shiroro ya kawo gari. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗanka ya ɗaure ni yau, na zo ka kwance ni." Ya yi murmushi, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ban tashi ba sai da aka kira magariba. Abin da ya gaya mini na koma na gwada shi da littattafai, na tarar duk haka ya ke, sai dai su sun faɗa da Latin shi ya faɗa da Hausa.

Talibambam dai kifi ne na kogunanmu, haƙoransa huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, sun haɗe kamar bakin aku, da su ya ke fasa ƙoƙon dodon koɗi ya cinye. In an taɓa shi sai ya kumbura kamar ƙwallo. Kun ga ke nan tambayar yaron ta fi darasina ma'ana, gama shi ya kwatanta abin da bai sani ba da abin da ya sani, wanda kuwa shi ne abin da malaman dabarun koyarwa ke ta nanata mana kullum, muna rubutawa a jarrabawa muna cin maki, ba mu aikatawa.

Sai kuma gaiwa. Ni da na tsaya ina ba yara mamaki da kifin da ke kwana cikin rigar yauƙi dare ɗaya, ashe a fadamunmu akwai mai yin haka rani guda cur. In ruwa ya janye sai gaiwa ta tona cikin laka ta naɗe, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama mata kwanso, ta bar ɗan rami wajen bakinta tana shaƙar iska, gama huhu gare ta kamar ni da kai. Haka za ta zauna wata da watanni ba ci ba sha, sai naman jikinta ke riƙe da ita, har ruwan sama ya sauka ta fito. Shi ya sa tsofaffi ke cewa gaiwa jikinta ta ke ci. Na sha jin wannan magana, na ɗauka zance ne kawai, ashe ilmin halitta ne tsantsa kakanninmu suka adana cikin karin magana.

Ga minjirya mai lantarki a jiki, wadda in ka kama ta da garaje sai ta kashe maka hannu. Ga kurungu, wanda akwai irinsa mai iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa. Ga karfasa, wadda uwar kan kwashe ƙwanta ta riƙe cikin baki har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci sosai sai 'ya'yan sun yi wayo. Ga yauni, mai gina sheƙa da ciyawa a kan ruwa. Wannan yauni kuwa, a shekarar 1951 wani masani mai suna Hans Lissmann a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya gano yana fitar da wani ɗan lantarki marar ƙarfi ba fasawa, daga baya ya nuna da shi kifin ke gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai duhu. Ku duba fa, Bature ya ɗauki kifinmu ya kai ƙasarsa ya yi suna da shi, mu kuwa mun liƙa kifin wata ƙasa a bango muna ƙauyanci.

Ra'ayina ke nan: kada malami ya buɗe baki a kan kifin teku sai yaransa sun san kifi biyar na kogin da ke kusa da su, sunansu da abincinsu da yadda su ke haihuwa. Mu a Jihar Neja ba mu da hujja ko kaɗan. Madatsar Kainji tana nan tun 1968, ta Shiroro a kan kogin Kaduna tun 1990, ga ta Tagwai a bayan gari, ga kogin Chanchaga da mu ke shan ruwansa. Cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi ta ƙasa baki ɗaya a Sabuwar Busa ta ke, cikin jiharmu. Tun 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga littafi sukutum a kan kifayen Arewa. Duk da haka, da na ce yaran ajina su zana kifin da suka fi sani, mafi yawansu kifin ƙanƙara suka zana, irin wanda a ke shigowa da shi cikin kwali daga ƙasashen waje.

Wani abokina a ɗakin kwana ya ce mini ai manhaja ba ta ce talibambam ba, mai jarrabawa kuma ba zai tambaya ba. Na ce masa manhaja ba ta ce kifi mai bakin aku ba shi ma. Abin da ta ce shi ne a koyar da yadda halitta ke dacewa da mazauninta, zaɓen misali kuwa na malami ne, mu ne dai mu ke zaɓen wanda ya zo a shirye cikin hoto don gudun wahala. Wani kuma ya kawo hujja mai ƙarfi, na yarda tana da nauyi. Ya ce ajinmu a Minna gauraye ne, ga Gwari ga Nufawa ga Hausawa ga Yarabawa ga Ibo, kowa da sunan da ya ke kiran kifi, da wanne za a koyar? Ni a ganina wannan riba ce. A kawo kifin a ajiye bisa tebur, kowane yaro ya je gida ya tambayo sunansa da harshen iyayensa, a jera su a allo. Na gwada da tarwaɗa guda da na saya da kuɗin abincina, allo ya cika, yaran da ba su taɓa magana a aji ba ranar har gardama suka yi.

Kada kuma a ce na ce a yage hoton bango. A'a. Kifi mai bakin aku yana da darasin da mu ke bukata ƙwarai, sai dai ya zo na biyu. A tsibiran Karebiyan, inda masunta suka kame shi da yawa, gansakuka ta kan rufe murjani ta shaƙe shi, don babu mai kankare ta. Saboda haka ƙasar Beliz ta hana kama shi a 2009. Yaron da ya san karfasa, in ka ba shi wannan labari, da kansa zai tambaye ka me ke faruwa in an kama uwa da ƙwai cike da bakinta. Wanda bai san kome ba sai hoton, labari zai ji ya yi tafi ya manta.

Wannan tambaya kuwa ba ta wasa ba ce. Baban yaron nan ya yi mini kukan cewa manyan giwar ruwa irin waɗanda ya saba gani yana saurayi yanzu sai an daɗe ba a ga ɗaya ba. Kowa ya san akwai masu zuba gamalin a ruwa su kashe babba da yaro, su kawo wa mutane guba kasuwa, akwai kuma masu jan ruwa da gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Waɗanda za su yi wannan ko su hana shi nan da shekara goma sha biyar, yanzu haka suna zaune bisa benci a gabanmu.

Ina roƙon Shugaban kwaleji da malaman sashen kimiyya su sa a fara tara sunayen kifayen jiharmu da Hausa da Gwari da Nufanci, kowane da zanensa, a ajiye a laburare don masu fita koyarwar gwaji. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa, littafin rubutu ne da ƙafa. Ni na riga na fara, ina da suna goma sha huɗu. In an yi hutun tsakiyar zango zan bi Baba zuwa Shiroro in ga masunta da idona, ya kuwa ce in zo da duk wanda ke so, muddin ba mai ƙyamar ƙarni ba ne. Mai niyya ya same ni a ɗakin kwana bayan cin abincin dare, ya zo da fensirinsa da kuɗin motarsa.